Waƙa a Bakin Mai Ita

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Haka kuma aƙidar mutum, daga bakinsa ya kamata a ji ta kafin a ji daga bakin abokin gardamarsa. 'Yan'uwanmu almajiran wannan kwaleji, da ku malamanmu, muna roƙo ku ba mu aron hankalinku a kan wata magana wadda kowa ya ke kauce mata a cikin aji, alhali kuwa ba a daina yin ta a bakin rijiya da kan hanyar kasuwa ba, watau abin da Kiristoci su ke nufi in sun kira Almasihu Ɗan Allah, da abin da su ke nufi in sun ce Kalmar Allah ta zama mutum. Mu da mu ke rubuta wannan Musulmi ne, da allo muka fara kafin mu san boko, ba mu kuwa da niyyar sauka daga kan tauhidin da iyayenmu suka ɗora mu a kai. Ra'ayinmu dai shi ne, wajibi ne malamin makaranta ya iya faɗin aƙidar Kirista yadda in Kirista mai ilmi ya ji zai ce, i, lalle haka mu ke cewa. Bayan wannan, sai ya faɗi inda ya rabu da shi, ba tare da ragi ko ƙari ba.

Dalilinmu a fili ya ke. Gobe kaɗan za a rarraba mu garuruwa, kowa a ba shi aji. A cikin ajin nan za a sami Musa da Bitrus a kan benci ɗaya, suna aron alƙalami da juna. Wata rana ɗayansu zai ɗaga hannu ya yi tambayar da ya ji manya suna yi a gida, idon yara arba'in kuwa ya dawo kan malam. Abin da malam ya faɗa a wannan sa'a shi yaran za su riƙe har su yi furfura, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. In ya faɗi abin da ba haka ba ne, ya yi ɓarna biyu: yaron Kirista ya gane malaminsa ya yi wa addininsa ƙage, daga ranan kuma ba zai ƙara amince masa ba ko a lissafi, yaron Musulmi kuwa ya tafi da makamin kara, wanda zai karye a hannunsa ran da ya gamu da wanda ya san littafinsa.

To, bari mu fara da abin da ba shi su ke nufi ba. Mutane da yawa suna zaton Kiristoci cewa su ke yi Allah ya yi aure ya haifi ɗa kamar yadda 'yan Adam su ke haihuwa. Wannan zato ya daɗe, amsarsa ma ta daɗe. Wajen shekara ta 781 Halifa Mahdi na Abbasiyawa ya zauna a Bagadaza da Timotawus na 1, shugaban Ikilisiyar Gabas, suka yi muƙabala kwana biyu. Timotawus da kansa ya rubuta labarin da harshen Suryani, saboda haka ta bakinsa mu ke ji. Ya ce Halifa ya fara da nuna mamaki yadda mai ilmi kamarsa zai yarda Allah ya auri mace ya sami ɗa, shi kuwa ya amsa da cewa wannan saɓo ne wanda babu Kiristan da ya ke faɗinsa. Ya ce haihuwar da su ke nufi babu jiki a cikinta, babu lokaci, ta fi kama da fitowar haske daga rana, ko fitowar magana daga rai. Har wa yau, duk ikilisiyar da mutum ya tambaya, ko Katolika ko Kibɗawan Masar ko Angilikan, amsar ke nan zai samu. Babu kuma wata daga cikinsu da ta ke lissafa Nana Maryamu a cikin ukun da su ke ambata. Ukun nan a wurinsu Uba ne, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.

Abu na biyu, waɗansu suna zaton saboda an haifi Annabi Isa, alaihissalam, ba tare da uba ba, shi ya sa Kiristoci suka ce Allah ne ubansa. Nan ma zaton bai faɗa daidai ba. Haihuwarsa daga budurwa abu ne da mu da su muka taru a kai. Tana cikin Suratu Maryam da Ali Imrana, tana kuma cikin farkon Linjilar Matiyu da ta Luka. Amma a wurin malamansu zamansa Ɗa bai fara daga cikin Maryamu ba. Cewa su ke yi shi Ɗa ne tun fil azal, tun ba a halicci sama da ƙasa ba, haihuwarsa a Baitalami kuwa shigowarsa ce cikin duniya. Saboda haka in wani ya ce musu ai Annabi Adamu ba uwa ba uba, ya fi cancanta da wannan suna, ya ba da amsa mai kyau ga wanda ya kafa hujja da rashin uba, amma bai taɓa ainihin abin da ikilisiya ta ke koyarwa ba tukuna.

Abu na uku ya fi waɗannan santsi, domin masu son sulhu su suka fi faɗawa cikinsa. Su kan ce, ai kalmar "ɗa" ba kullum haihuwa ta ke nufi ba. Muna cewa ɗan kasuwa, da ɗan sanda, da ɗan gari, ba wanda ya ce kasuwa ta yi naƙuda; Larabawa ma suna kiran matafiyi ɗan hanya. Gaskiya ne kuma a cikin littattafan Kiristoci an kira Banu Isra'ila ɗan Allah a Littafin Fitowa, an kira sarki daga zuriyar Annabi Dauda haka a Zabura, an kira Adamu haka a Linjilar Luka, masu bi ma Bulus ya kira su 'ya'ya, irin 'ya'yan da aka karɓa aka mai da su na gida. Sai masu sulhun nan su ce, to, ashe suna ne na girmamawa kawai, kamar a ce bawan Allah makusanci, gardama ta ƙare. Ina! Da haka ne da ba a yi taron Nikiya ba.

Ga yadda abin ya faru. Wajen shekara ta 318 wani limamin ikilisiya a Iskandariya ta Masar, sunansa Ariyus, ya koyar da cewa Ɗan nan halitta ne, shi ne farkon halitta kuma mafi ɗaukaka, amma dai akwai sa'ad da babu shi. Gardama ta kama kamar wutar daji, har ta dami Sarkin Rum Kustantin, ya tara manyan limaman ikilisiya, su wajen ɗari uku, a garin Nikiya a shekara ta 325. Garin yana nan a ƙasar Turkiyya, Iznik a ke kiransa yanzu, a 2025 kuwa taron ya cika shekara 1700. Suka ƙi maganar Ariyus, duka in ban da mutum biyu suka sa hannu, suka zaɓi wata kalmar Yunananci, homo'usiyos, ma'anarta mai zati ɗaya, don su nuna Ɗan ba halitta ba ne, zatinsa da na Uban ɗaya ne. Gardama ba ta mutu nan take ba. Atanasiyus, wanda ya zama shugaban ikilisiyar Iskandariya a 328, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa saboda tsayawa a kan wannan kalma, sai a taron Kustantiniya na 381 aka sake tabbatar da ita, aka ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Mutanen da suka sha kora da ɗauri a kan kalma ɗaya ba za su gode wa wanda ya ce musu ai sunan girmamawa kawai ku ke nufi ba.

Me su ke nufi ke nan? Mabuɗin maganar yana cikin sura ta farko ta Linjilar Yohanna, inda aka ba da labarin Kalma wadda ta ke tare da Allah tun farko, ta wurinta aka yi kome, daga baya ta zama mutum ta zauna cikin mutane. Malamansu suka ce Allah bai taɓa kasancewa ba tare da Kalmarsa ba, kamar yadda rana ba ta taɓa kasancewa ba tare da haskenta ba. Kalmar nan daga gare shi ta ke, ba ta rabuwa da shi, ba kuma aba ce da ya ƙera ba. Wannan fitowa ta har abada ita su ke kira haihuwa, domin abin da mutum ya ƙera, kamar kujera ko fartanya, jinsinsa dabam ne da na maƙerinsa, amma abin da ya haifa jinsinsu ɗaya. Sun zaɓi kalmar "Ɗa" don ta ɗauki wannan ma'ana, da kuma ma'anar ƙauna tsakanin Uba da Ɗa, suka zubar da sauran abin da ke cikinta na jiki da aure da tsufa da gādo.

Tare da wannan duka sun nace Allah ɗaya ne. Suna karanta wannan a Attaura, suna kuma karantawa a Linjilar Markus cewa Almasihu da kansa ya sa kaɗaitakar Allah a kan gaba da dukan dokoki. Kiristocin Larabawa suna cewa jauhari ɗaya, aƙanim uku. Wani babban taro da aka yi a birnin Rum a 1215 har ya bayyana cewa shi zatin Allah, a kan kansa, ba ya haifa ba a kuma haifarsa, Uba ne ke haifa, Ɗa ne abin haifa, su kuwa zatinsu ɗaya. Malami ya kuma yi hankali da misalin nan da a kan kawo, wai kamar mutum ɗaya ne wanda shi uba ne a gida, malami a makaranta, manomi a gona. Wannan ra'ayin wani ne mai suna Sabiliyus a ƙarni na 3, ikilisiya kuwa ta ƙi shi, domin a wurinsu Uba ba shi ne Ɗa ba. Su da kansu suna cewa kowane misali yana ɗingishi, abin kuma asiri ne wanda hankali ba ya kewaye shi.

Sai maganar zama mutum, wadda Larabawa su ke kira tajassud. Koyarwarsu ita ce Kalmar nan ta ɗauki cikakkiyar mutuntaka, jiki da rai da hankali, ba tare da ta bar allahntakarta ba. Linjila ta nuna shi yana jin yunwa, yana gajiya a bakin rijiya, yana barci cikin jirgin ruwa, yana kuka a kabarin abokinsa, yana addu'a. Waɗanda suka ce jikin nan gizo ne kawai ya ke yi wa ido, ikilisiya ta ƙi su. Waɗanda suka ce mutum ne kawai da Allah ya ɗaukaka daga baya ya mai da shi ɗa, su ma ta ƙi su. A taron Afisa na 431 aka yi hukunci a kan Nasturiyus, shugaban ikilisiyar Kustantiniya, bisa zargin ya raba Almasihu biyu. A taron Kalsidon na 451 aka ce shi ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, lahutu da nasutu, watau allahntaka da mutuntaka, ba su gauraya ba, ba su kuma rabu ba. Malamansu na dā sun kawo misalin ƙarfe a wutar maƙera: ya yi ja wur, yana ƙona abin da ya taɓa, amma ƙarfe bai zama wuta ba, wuta ba ta zama ƙarfe ba. Saboda haka in yaro ya tambaya, wa ke riƙe da duniya sa'ad da ya ke barci, amsarsu ita ce barci na mutuntaka ne, allahntaka ba ta gyangyaɗi, ba ta kuma ƙuntata cikin jiki har ta bar sauran wurare. Ko mun karɓi amsar ko ba mu karɓa ba, ya kamata mu san akwai ta.

A kan lafazin Kalsidon ne ikilisiyoyi suka rabu. Kibɗawan Masar, da Habashawa, da Armeniyawa, da waɗansu Suryaniyawa ba su yarda a ce ɗabi'a biyu ba, suka ce ɗaya ce haɗaɗɗiya. Su ne malamanmu su ke kira Yaƙubiyya, masu bin Kalsidon Malkaniyya, Ikilisiyar Gabas kuwa Nasɗuriyya. Bayan shekara fiye da 1500, a 1973 Paparoma Paul na 6 da Shenuda na 3 shugaban Kibɗawa suka sa hannu a takarda ɗaya a kan imaninsu game da Almasihu, a 1994 kuma Paparoma John Paul na 2 da Mar Dinka na 4 na Ikilisiyar Gabas suka yi haka, suna nuna cewa yawancin tsohon saɓanin na lafazi ne. Dukansu dai sun taru a kan cewa shi cikakken Allah ne, cikakken mutum.

Ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa suka riƙe wannan magana haka da ƙarfi? Domin a wurinsu cutar ɗan Adam ta wuce mantuwa da rashin sani. Suna ganin zunubi ya ɓata ɗabi'ar mutum tun daga Adamu, ya jawo masa mutuwa, mai wa'azi kaɗai ba zai warkar da shi ba. Atanasiyus, cikin littafin da ya rubuta a kan zama mutum, ya kamanta abin da hoton da ya lalace, wanda ba ya gyaruwa sai mai hoton da kansa ya zo an sake dubansa. Don haka suka ce dole mai ceto ya zama mutum sosai domin ya tsaya a madadin mutane, dole kuma ya zama Allah sosai domin halitta ba ta iya ceton halitta. Gicciye da tashi daga matattu a nan suka rataya. Mu kuwa an koya mana Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, kowane yaro a kan fiɗira a ke haifarsa, ba mai ɗaukar kayan laifin wani, abin da mutum ya ke bukata shi ne shiriya da tuba da rahamar Ubangiji. A ganinmu saiwar saɓanin ke nan. Likita biyu da suka saɓa a kan cuta, dole su saɓa a kan magani.

Akwai wata ƙofa da mu masu karatun allo za mu fi kowa saurin gane maganar ta wurinta. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidi ya san aƙidarmu ce Alƙur'ani maganar Allah ne, ba halitta ba. Wanda ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi ya san magana tana cikin siffofin Allah ashirin, daɗaɗɗiya ce, ba harafi ba sauti. A kan wannan aka yi fitina a Bagadaza: a shekara ta 833 Halifa Ma'amun ya sa a tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne, aka yi wa Imamu Ahmadu ɗan Hambali bulala a zamanin Mu'utasim saboda ya ƙi, sai a zamanin Mutawakkil, wanda ya hau a 847, aka janye abin. Ɗabari ya adana wasiƙar Ma'amun, a cikinta kuwa ya zargi abokan gardamarsa da cewa sun yi kama da Nasara, waɗanda su ke cewa Isa ba halitta ba ne tun da shi Kalmar Allah ne. Watau tun wancan zamani an lura tambayar iri ɗaya ce: maganar Allah daɗaɗɗiya ce ko fararriya, ta yaya kuma ta ke isowa ga mutane? Mu mun ce an saukar da ita Littafi, ana karantawa da harsuna, ana kiyayewa a zukata. Su sun ce ta zo mutum, ta yi tafiya a ƙasar Falasɗinu. Saboda haka mai son ya gane matsayin Almasihu a zuciyar Kirista, ya dubi matsayin Alƙur'ani a zuciyar Musulmi, zai fi kusa da gaskiya bisa ga in ya kwatanta shi da wani annabi.

Amma kada kowa ya ɗauka kamanni ya zama daidaito. Siffar magana a wurinmu siffa ce, ba wani mai zaman kansa ba ne da a ke kira Ɗa, wanda ya ke ƙaunar Uba Uba kuma yana ƙaunarsa. Ba mu bauta wa takarda da tawada. Tauhidinmu ya kore shigar Allah cikin halitta da haɗuwarsa da ita, gama ya saɓa wa dukan fararrun abubuwa. Suratul Ihlasi ta kore masa haifa da haifuwa ba tare da togiya ba. Malamanmu irin su Baƙillani sun tambayi Kiristoci, in Kalma da Rai aƙanim ne, me ya hana iko da sauran siffofi su zama haka, don me aka tsaya a uku? Su kuma suna amsawa da cewa ba lissafin siffofi ya kai su nan ba, abin da suka karɓa ne daga littafinsu. A nan hanya ta rabu biyu, mai gaskiya kuwa ba ya ɓoye mararraba.

Don haka muna jan kunnen ɓangare biyu a kan gadar kara. Wani Kirista ya kan ce, ai Alƙur'ani ma ya kira Isa kalma da ruhi daga Allah a Suratun Nisa'i, ashe kun yarda da mu. Wannan ba adalci ba ne, domin masu tafsirinmu sun bayyana an kira shi kalma ne saboda da umarnin Allah ya kasance ba tare da uba ba, ayar nan kuwa ita ce da kanta ta hana faɗin uku. Wani kuma ya kan ce Alƙur'ani "walad" kawai ya kore, watau ɗan haihuwa, bai kore "ibn" ba. Wannan ma bai tsaya ba, gama a Suratut Tauba da lafazin "ibn" aka ambaci maganar aka ƙi ta. Su Kiristoci ma sun gwada sassauta lafazin sun ga bai yiwu ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932, wanda Likita Miller na Zariya ya yi babban aiki a kansa, "Ɗan Allah" ya ce. Da waɗansu masu fassara suka so su musanya kalmar da wata mai sauƙi a kunnen Musulmi, gardama ta tashi a tsakaninsu, har a 2013 wani kwamiti na ƙungiyar Kiristoci masu bishara ta duniya ya ba da shawara a riƙe kalmomin uba da ɗa yadda su ke, a yi musu bayani a gefe.

Mun san wani zai ce, ina ruwan Musulmi da wannan zurfi, ba tsoro a ke yi ya raunana imanin yara ba? Muna girmama mai wannan tsoro, amma magabata ba su bi shi ba. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya tsara ƙungiyoyin Nasara uku da maganar kowacce cikin littafinsa Almilal wan Nihal. Baƙillani, wanda ya rasu a 1013, da Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, dukansu Malikawa ne irinmu, sun karanta hujjojin Kiristoci kafin su yi raddi. Tun kafin su, Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi a Habasha ya faɗi abin da Musulmi su ke cewa a kan Annabi Isa, bai rage ba don neman mafaka, bai kuma yi zagi ba. Ibn Is'haƙa ya ruwaito cewa da baƙin Najran suka zo Madina suka yi muƙabala da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan wannan magana dai, da lokacin ibadarsu ya yi an bar su sun yi ta a cikin masallaci. Suratul Ankabut ta umarce mu da kyakkyawar hanya wajen jayayya da Ma'abota Littafi, Suratul Ma'ida kuwa ta hana ƙiyayya ta kai mu ga barin adalci. Alƙali ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin kowa. Imanin da ba ya tsayawa sai an yi wa maƙwabci ƙarya, tun asali ginin toka ne. Namu kuwa ba ya bukatar wannan tallafi.

Abin da mu ke roƙon 'yan'uwanmu ke nan in sun shiga aji. Yaro ya yi tambaya, a ce masa, Kiristoci suna cewa kaza, dalilinsu kaza, Musulmi suna cewa kaza, dalilinsu kaza, da lafazin da kowane ɓangare zai amince nasa ne. Kada a bar yaro ya yi wa ɗan'uwansa ba'a da abin da iyayensa su ke riƙe da shi da daraja. In an tambayi malam nasa imanin, ya faɗa a sarari cikin ladabi, amma ya tuna an ba shi amanar 'ya'yan mutane ne, allon aji kuwa ba mumbari ba ne. Abin da ya fi ƙarfin aji, a mai da yaro wurin iyayensa da malaman addininsa.

Ku kuma 'yan'uwanmu Kiristoci da mu ke cin tuwo tare, muna neman ku auna mana da mudun da muka auna muku. In yaro ya tambaye ku me ya sa Musulmi ba su ce Ɗan Allah, kada ku ce don sun raina Almasihu ne, gama ba mu ambaton sunansa sai da addu'ar aminci, mutum kuma ba ya zama Musulmi sai ya ba da gaskiya da shi da mahaifiyarsa tsarkakakkiya. Ku ce, suna tsarkake Allah ne daga abin da su ke ganin bai dace da kaɗaitakarsa ba. In kuwa kun ga inda bayaninmu ya gaza a kan aƙidarku, shafin nan a buɗe ya ke, ku rubuto, waƙar taku ce. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya sa mu fita daga wannan kwaleji da ilmi mai amfani da harshe mai adalci, amin.